Dashen Jema a Gaban Suruki

A shekarun da jiniyar masaƙun Kakuri ke tashin matattu, ina aiki a kulob ɗin manyan ma'aikatan wata masaƙa. Akwai ɗan filin golf a wurin, inda masu tumbi ke bin ƙwallo mai girman ƙwan zabo da sanda, ga kuma tafki a tsakiya. Aikina yankan ciyawa. Amma a ƙauyen matata na ce ni ne mai kula da fili, kafin labari ya zagaya kasuwa ya zama ina da ofis har da fanka. Ban ƙaryata ba. Wa zai yi faɗa da fanka?

Tun farko an aske bakin tafkin ƙwal, kamar kan jariri ranar suna, don kada ƙwallo ya ɓace. Damina ta yi ta cin gaɓa, takin zamani na gangarawa ciki, ruwa ya koma miyar kuka, in iska ta juya har a unguwar Makera sai an toshe hanci. Manaja ya ce a mayar da ciyawar da Allah ya shuka a wurin tun asali. Muka yi ta haƙo jema da gamba daga fadamar Mahuta muna dasawa, ni da abokin aikina, wani dogon Kirista mazaunin Trikania wanda bakinsa bai san hutu ba.

Ran nan ina cikin laka har cinya, daga ni sai gajeren wando, sai ya ce, "Oga mai fanka, ga wani mai babbar riga can ya nufo mu."

Surukina ne. Ya shigo gari ba sanarwa, ya ce bari ya biya ya ga ofis. Mutumin da bai taɓa ganin kaina ba hula ba. Gudu ba hali, laka ta riƙe ƙafa. Suruki kuma ba a gaishe shi a tsaye. Sai na durƙusa yadda aka saba, ruwa ya kawo mini haɓa. Kaina kaɗai ya rage a waje, kamar dorina, ga damin jema na ɗaga sama.

Muka haɗa ido. Ya kau da kai, ya tsura wa ciyawa ido.

"Sannu da aiki, bawan Allah," in ji shi. "Ina neman mai kula da filin nan."

Abokin aikina ya gyara murya ya ce, "Baba, oga na mitin da Turawa. Ko mu sai da la'asar muke ganinsa."

"To, kada a tashe shi. Ikon Allah, mu muna tumɓuke gamba, birni ana dasa ta."

Ya juya, bai waiwayo ba.

Da yamma na yi wankan da ya kusa saɓule mini fata, na sa kaftani, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da aka sauke shi.

"Malam, na je ban same ka ba," ya ce, idonsa a kan carbi. "Aikin da kake sa su yana da kyau, gaɓar za ta kamu. Amma akwai wani a cikin ruwa, daga gani mai iyali ne. Ka sa a ba shi riga da takalmin roba."

"To, Baba."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja murfi.

Gaɓa kuwa ta kamu, ruwa ya washe, belbela ta dawo. Har Baba ya koma ga Allah bai tayar da zancen ba, ko ga 'yarsa. Matata ce ta gaya mini cewa duk wanda ya tambaye shi a ƙauye yaya ofishin surukinsa, sai dattijon nan da bai iya ƙarya ba ya sunkuyar da kai ya ce, "Filin dai yana da girma."