Wadda Aka Bar wa Makulli

Ɗakin kwamfutocin sashen yana hawa na biyu, a ƙarshen baranda, bayan ofishin da ake jibge karyayyun kujeru. In ka shiga, abin da za ka fara gani fanka ce mai lanƙwasasshen fiffike, sai layin tebura, sai can ciki kusa da taga wata mata mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya. Ita ce ɗalibai ke kira Anti Zane. Aikin da aka ɗauke ta ta yi shi ne kula da injunan: ta goge su, ta sauya wayar da ta lalace, ta hana yara cin biskit a kan madannai. Amma ba wannan ne ya tsufar da ita ba.

Abin da ya tsufar da ita ya faro tun tana ɗaliba a wannan ɗakin. Su huɗu ne a rukunin aikin kammala karatu, malaminsu ya sa su zana masa yadda sassan wata babbar manhaja suke haɗe, wane sashe ke kiran wane, wane ke jiran wane. Irin waɗannan manhajoji suna da fayilolin saiti, inda masu su ke rubuta sunan kowane sashe da abin da ya dogara da shi. Bin su da ido a zana da hannu aikin gumi ne. Dogo, wanda ya fi kowa lalaci a cikinsu, ya ce tunda bayanin a rubuce yake, me zai hana kwamfuta ta karanta ta zana da kanta? Suka haɗa 'yar manhaja da za ka miƙa wa fayilolin, ta fito maka da zane tsaf, akwatuna da kibiyoyi daga wannan zuwa wancan. Suka ɗora ta a intanet kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya leƙa cikinta, mai son gyara ya aiko da nasa.

Sai dai gyaran da aka aiko ba ya shiga sai wani ya duba ya amince. Wannan izinin suke kira makulli. Ranar da suka gama karatu, ana ta ɗaukar hotuna, Dogo ya ce mata, "Ke riƙe mana makullin kafin mu natsu." Ba ta ce a'a ba. Dama ita tun tana yarinya, in an ce wa zai je aike, ƙafarta kan riga bakinta amsawa. Dogo ya shige banki, ɗaya ta bi miji wata ƙasa, ɗayan ya koma sayar da kayan gyaran mota. Har yau ba su natsu ba.

Manhajar kuwa ta ƙi mutuwa. Mutanen da ba ta taɓa gani ba suka kama aiki da ita, kuma mutum in ya samu abu kyauta sai ya ɗauka har da mai yi masa bauta aka haɗo masa. Wani zai rubuto daga inda ba ta san sunansa ba, babu sallama babu gaisuwa, wai kibiyarsa ta karkace, yaushe za a gyara? Ta gyara. Ba zai dawo ya ce an gode ba, sai dai in wata kibiyar ta sake karkacewa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar wahalar a cikin gida take. Da sashen ya ga abin ya yi suna, sai ya mayar da shi gonar gado: duk shekara ana tura wasu 'yan ajin ƙarshe su ƙara masa wani abu a ba su maki. Kuma makin a kan ƙari yake. Wannan ya sa akwatuna su yi launi, wancan ya sa su yi inuwa, wani ya sa zanen ya riƙa juyawa, abin da ba wanda ya taɓa nema. Manhajar ta koma kamar gidan gandu, kowa ya zo ya manna ɗakinsa a jikin na wani ya tafi, ba mai tunanin inda ruwan sama zai bi.

Anti tana da nata hannun a ciki. In ranar kare aiki a gaban malamai ta matso, yaro ya zo ido ya raina fata, abinsa ya ƙi tashi, sai tausayi ya kama ta. "Matsa," za ta ce, ta ja kujera ta ɗinke masa ɓarakar. Ya ci jarrabawa, ya kawo mata lemo, ya tafi bai san cikin manhajar ba balle ya riƙe ta. Haka ta yi ta yaye ɗalibai, ba ta yaye magaji ko ɗaya ba.

A gida mijinta, malamin lissafi a sakandare, ya raɗa wa manhajar suna ɗan fari. In ya shigo ya tarar da ita a falo, kwamfuta a cinya, shayi ya huce a gefe, sai ya ce, "Injiniya, yaya jikin ɗan farin namu? Ya fara tafiya kuwa, ko har yanzu goyo?" Takan yi dariya. Daga baya shi da kansa ya daina tsokanar, ranar da ya ga ta kai fuskarta dab da allon tana karanta harafi ɗaya-ɗaya.

Shi ya matsa ta je asibiti. Likitan ido bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce jijiyar idon ta fara gajiya, abin da ya tafi ya tafi, amma ana iya tattalin saura. Aikin ɗakin kwamfuta ba zai kashe mata ido ba, wunin da take yi tana bin ƙananan rubutu shi ne zai ƙarasa shi. Ta fito da ɗigon magani a jaka da shawara ɗaya a zuci: kafin shekarar karatu ta ƙare, sai ta miƙa makullin nan ga wani.

Ta fara da shugaban sashe. Ya saurare ta yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Haba Anti, ai ke ce uwar abin. Wa zai raba uwa da ɗa?" Ya yi alkawarin kafa kwamiti. Ta san kwamiti, ta yi godiya ta fito. Ta kira Dogo. Ya yi ihun murna a waya, ya tambayi maigida da yara, da ta kawo maganar sai ya ce, "Au, wai har yanzu abin nan yana da rai? Kin san kuwa shi na nuna aka ɗauke ni aiki?" Ya ce zai kira ta ƙarshen mako. Ba ta ko tsaya jira ba.

Sai ga wata yarinya a cikin 'yan ajin ƙarshen bana, siririya, mai jakar goyo da zip ɗinta ya mutu. 'Yan ajinsu na kiranta Sarkin Tambaya, sunan kuma ya bi jiki. Sauran suka zo suna tambayar me za su ƙara, ita kuwa ta zo da takarda a hannu.

"Anti, na ba manhajar fayil ɗin da sashe na ɗaya ke jiran na biyu, na biyu ke jiran na uku, na ukun kuma yana jiran na ɗaya. Sai ta tsaya cik. Me ya sa?"

Anti ta sauke tabarau ta dube ta. Wannan ciwon ya daɗe a jikin manhajar. In sassa suka yi zobe, sai ta yi ta zagaye har inji ya ɗau zafi. Anti ta san inda yake, a binne ƙarƙashin ƙare-ƙaren shekaru, kuma ta san ba a isa gare shi sai an rushe abin da ke sama.

"Kina son ki sani, ko kina son maki?"

"Ba a haɗawa ne, Anti?"

"Zauna mu gani."

A wannan karon ta ɗaure hannunta. Yarinyar ta yi ta karo da bango, ta juyo da ido jajur, Anti ta ce, "Koma ki sake karantawa, 'yar nan." Abin ya fi mata wuya fiye da yin aikin da kanta. Wani lokaci takan tashi ta fita baranda don kada bakinta ya suɓuce. A hankali yarinyar ta fara gane gidan, ɗaki bayan ɗaki, ta kuma fara abin da ba ɗalibin da ya taɓa yi: cirewa. Ta cire inuwa, ta cire juyawar zane, ta haɗe wurare uku da ke aiki iri ɗaya suka zama guda. Manhajar ta rame, ta yi sauƙi, zoben da ke kashe ta ya fito a zane sarai da kibiyoyinsa. Masu ƙorafin nesa ma suka yi shiru, wanda a wurinsu shi ne yabo.

Anti ta fara jin iska. Ta gaya wa mijinta ta samu magajiya. Har ta soma barin kwamfutar a ofis ranar da ba aiki, ta zauna tana yi wa ƙaramar 'yarta kitso da lalube.

Ana saura 'yan kwanaki a kare aiki, malamin da ke duba yarinyar ya shigo ɗakin da rahotonta a hannu. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya san abokan aikinsa.

"Anti, wannan fa ba zai wuce ba. Za su ce me ta ƙara? In ce musu ta rage? An ba ta abu ta dawo da shi bai kai yadda yake ba."

"Malam, ta warkar da abin da ya gagare mu shekara da shekaru."

"Na yarda. Amma a takardar maki akwai gurbin sabon abin da ɗalibi ya kawo, babu gurbin abin da ya fitar. A samo wani abu da za a haska a bango su gani. In ba haka ba, ta maimaita shekara."

Da ya fita, yarinyar ta ƙura wa allon ido. Anti ta ji kunya ta rufe ta. Ita ta ɗora ta a wannan hanyar, kuma ta san dokar gidan sarai, son ta huta ne ya sa ta kau da kai. Sauran kwanakin ba za su ishi yarinyar ta rubuta rahoto kuma ta gina sabon abu ba.

"Matsa," in ji Anti.

"Anti, idonki fa."

"Na ce matsa. Ke ki ji da rahoton."

Ta ƙara girman haruffa har layi ɗaya ya cika allon, ta ɗiga magani, ta fara. Ta gina musu abin da suke so, akwatuna masu faɗowa ɗaya bayan ɗaya suna walƙiya, kibiyoyi na tsirowa a hankali. Ta manna shi a jikin aikin da yarinyar ta share tas. Idon ya yi ta zubar da ruwa, kan ya yi ta sara, in ta ɗago ta dubi ƙofa sai ta ga ƙofa biyu. Yarinyar na gefenta tana bugun rahoto, amma rabin hankalinta na kan Anti, tana ganin yadda take laluben kwalbar maganin a kan tebur.

Ranar kare aiki malamai suka ga akwatuna na faɗowa, har wani ya tafa. Ba wanda ya tambayi zobe. Yarinyar ta fita da maki mafi girma a rukuninsu.

Bayan an watse, da yamma, ta dawo ɗakin. Anti ta riga ta buɗe shafin da ake ƙara sunan mai izini, ta bar gurbin fili.

"Zo ki rubuta sunanki da hannunki. Daga yau makulli naki ne."

Yarinyar ba ta matso ba. Ta tsaya riƙe da igiyar jakarta.

"Anti, ki yafe mini. Ba zan karɓa ba."

"Tsoro kike ji? Ai kin fi ni sanin cikinta yanzu."

"Na sani. Shi ya sa." Ta sunkuyar da kai. "Baɗi wasu za su zo su ƙara nasu, wata shekarar ma haka. In na ce a'a su faɗi, in na ce matsa... Anti, wata nawa ina zaune kusa da ke. Na ga abin da ta mayar da ke. Ina son aikin wallahi, amma ba na son in zama haka."

Maganar ta shigi Anti har ƙashi. Ta buɗe baki za ta ce ai ba haka ba ne, akwai daɗinsa, akwai mutanen da ke amfana, sai ta ji ba za ta iya yi wa yarinyar nan ƙarya ba. Ta nemi haushi a ranta ta rasa. Abin da ta tarar gajiya ce kawai, da wani sanyi da ba ta zata ba, irin wanda uwa kan ji in ɗanta ya tsallake rami.

"Kin yi min rashin kunya," ta ce a hankali.

"Ki yi haƙuri, Anti."

"Ban ce ki ba ni haƙuri ba. Da 'yata ce aka miƙa wa, abin da zan so ta faɗa ke nan." Ta cire tabarau ta share ido da gefen mayafi. "Zo ki rufe min shafin nan kafin ki tafi. Ba na ganin inda ake dannawa."