Yatsu Biyu a Kan Sitiyari

Da kwanon silba a hannu, Tan Guizhen ta tsaya a bakin farin zanen tsallaka titi kamar kowace safiya, tana neman idon direba. A ɗaya gefen tururin taliyar Lao Xiong yana tashi, ƙamshin man riɗi yana tsallako mata bai nemi izinin kowa ba. Wata farar tasi ta rage gudu, ta tsaya. Guizhen ta leƙa gilashi. Kujera ce kawai, da sitiyari babu hannu a kansa. Rubutu ya haska a goshin motar, wai ta wuce. Ta jira, motar ma ta jira, har na baya suka cika unguwa da hon.

"Tan Popo, ke da saurayin naki yau ma kallon-kallo ne?" Lao Xiong ya ɗaga murya daga bayan tukunya. Popo, wato kaka, haka ake kiran tsofaffin mata a nan.

"Kai dai ka rage gishiri, tsohon banza."

Sai da ya sallami mutum huɗu sannan ya tsallako ya karɓi kwanon.

Shekararta saba'in da ɗaya, talatin daga ciki a masaƙar Hanyang ta yi su, injinan wurin kuma sun cinye mata kunne ɗaya. A wannan mararrabar ta fara ganin Qu Dehai, tana 'yar ashirin da biyu, ta makara aiki. Shi yake tuƙa bas ɗin safe. Ya taka birki, ya kalle ta, ya ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari bai saki riƙo ba. Ta wuce. Washegari ma haka, har fasinjoji suka fara zaginsa, wai bas ɗin gwamnati ya koma motar neman aure. Bayan bikinsu ya koya mata abu ɗaya: kada ta yarda da danja, domin danja ba ta da ido, ta bari sai direba ya kalle ta tukuna. Da wannan ta tsallaka titunan Wuhan shekara arba'in da biyar, da ciki, da goyo, da kwanon abincin asibiti a watannin da huhunsa yake cinye shi.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Fararen safofin hannunsa na tuƙi suna nan a kan taga, inda take hango tashar bas. A cikin shekarun nan motocin da ba su da direba suka yi yawa a unguwar, har takan kai rabin awa ba ta samu fuskar da za ta kalla ba.

'Yarta Lanxin ta zo daga Shenzhen, ta ga wannan tsayuwar da idonta. Ta yi kuka, sannan ta yi faɗa. Ta ce wanda ba ya iya zuwa kasuwa ko wurin likita ba zai zauna shi kaɗai ba, akwai ɗaki a hawa na talatin a can Shenzhen yana jiranta. Guizhen ta roƙi mako guda. Ta ji kwamitin unguwa ya kira taro, masu motocin za su zo su tambayi tsofaffi irin alamar da suke so.

An raba ƙwai shida-shida a bakin ƙofa, don haka ɗakin ya cika. Wata injiniya mai suna Mo ta nuna musu koriyar fitila, da idanu biyu na zane, da murya mai cewa a wuce lafiya. Wani dattijo ya ce muryar ta fi ta matarsa ladabi. Da aka zo kan Guizhen ta miƙe, ta ce yatsu biyu take so, in ta ga yatsu biyu za ta wuce.

Injiniya Mo ta ji daɗi. Ta ɗan taɓa kwamfuta, sai ga hannu a kan allo, yatsu biyu a ware kamar na 'yan mata wajen ɗaukar hoto. Ɗakin ya kwashe da dariya, tsofaffi suna ɗaga nasu yatsun kusa da kumatu.

Guizhen ta kama gefen tebur kamar sitiyari. Ta ɗaga manuniya da ta tsakiya a haɗe, kaɗan kawai, yadda takarda za ta iya shiga ƙarƙashi. Mo ta ba da haƙuri, ta ce gyaran ba zai ɗauki minti biyar ba.

"'Yata, kafin motar ta ɗaga yatsun, tana ganina?"

"Fiye da kowane direba, Popo. Tun daga nesa ta san mutum ne a tsaye."

"Mutum," in ji Guizhen. "Wane mutum?"

Mo ta ce wannan kam motar ba ta sani ba. Dariyar ta riga ta mutu. Guizhen ta daɗe tana kallon hannunta a kan tebur, sannan ta sake shi. Ta juya ga Lanxin da ta rako ta, ta ce ta saya musu tikitin Shenzhen na ranar Asabar, kuma ta samo ƙaramar jaka don safofin babanta. Ƙwan kuma a kai wa Lao Xiong, a ce masa gishirinsa daidai yake, dama can daidai yake.

Lanxin ta miƙo hannu za ta riƙe ta. Guizhen ta gyara wuyan rigarta, ta bi tsakanin kujeru a hankali, ta fita.