Sunan Maigidana a Mujallar Likitoci

Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Abin da kuke karantawan nan faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya, domin na ga abin da gyara yake yi wa magana.

A Asata ta Inugu na tsufa. An kawo ni daga arewa ina amarya, na tarar da maigidana yana fawa a kwata, har ya zama wanda mahauta suke jira ya fara sa wuƙa kafin su sa tasu. Ni kuma waina nake soyawa a ƙofar gida, ina ba da labari. Duk gidan da ake suna ko biki, daga unguwarmu har Ogui, in dai na zauna a tabarma to sai tukunyar wata ta ƙone. Ku je ku tambaya.

Labarin da ya fi kowanne yi mini kyau kuwa ba tatsuniya ba ce. Na maigidana ne.

Wata shekara, ana jajibirin babbar salla, kwata cike da shanu da masu saye, aka kayar masa da wani farin sa. Ya durƙusa, ya ɗora wuƙa, sai ya tsaya. Ya miƙe, ya goge wuƙar da ba ta taɓa jini ba, ya miƙa wa amininsa da ke riƙe da igiya, ya taho gida a ƙafa da rana tsaka. Ya shigo ɗaki ya ce mini farin san nan ya kira sunansa, ya gaya masa ana zuwa a kama shi. Daga ranar shanu ba su daina yi masa magana ba. Motar shanu ta wuce a titi, sai ya toshe kunne. Ya daina cin duk abin da ba a gabansa na dafa ba.

Kafin la'asar mahauta sun cika ƙofar gida. Na yafa mayafi na fito. Na ce musu Alhaji ya daɗe da alwashi tsakaninsa da Ubangijinsa, cewa ranar da ya ji hannunsa ya yi nauyi a wuyan dabba, to ya gama zubar da jini, sauran kwanansa na carbi ne. Suka yi kabbara. Wani har da hawaye.

Haka na riƙe labarin nan ina ƙara masa ado. Rashin fitarsa ya zama halwa. Toshe kunnensa ya zama gudun jin gulma. In lokacin ganin likita ya yi, sai mu shiga mota zuwa Fatakwal, a ce mun je zumunci wurin yayana a unguwar Borokiri, domin a can ba wanda zai gan mu a layin asibiti. Ƙwayoyinsa a gwangwanin madara suke, ƙarƙashin zannuwana. Maganin ya yi masa, ya samu sauƙi, amma bai ƙara taka kwata ba. Ya rasu ana kawo masa jarirai yana tofa musu addu'a. Wannan mutuncin ni na gina masa shi da bakina, kuma shi kaɗai ya rage masa bayan wuƙa.

Autarmu tana ƙarama aka yi wannan duka, a idonta. Ita ce ta girma ta zama likitar ƙwaƙwalwa, tana duba marasa lafiya, tana kuma koyar da ɗalibai. Bayan rasuwar ubanta ta riƙa zuwa mini ƙarshen mako, ta baje kwamfutarta a tsakar gida tana ƙwanƙwasawa, wainar da na zuba mata tana hucewa.

"Ke Auta, wai me kike rubutawa haka da ba ya ƙarewa?"

"Takarda ce, Inna, za a buga a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa. In ba a buga maka ba, ba ƙarin girma, ko da ka warkar da rabin gari."

"A kan me?"

"A kan mutanenmu da ke zaune a nan kudu. Yadda suke ɓoye mai irin wannan ciwo har sai abu ya lalace sannan su kawo shi."

Na kalle ta, ta kalli kwamfuta.

Na ga wahala iri-iri, amma ta mujalla daban take. Wai akwai iyakar kalmomin da ba a wucewa. Wai kowace magana sai ka faɗi wanda ya riga ka faɗa, a jera su a ƙarshe yadda mujallar take so, in ka koma wata mujallar ka sake jeri. Mujalla ta farko ma ba su karanta ba suka dawo mata da ita. Ta biyu suka karɓa suka ce za su ba masu dubawa mutum biyu.

"Su waye su?" na ce.

"Ba a sani, Inna. Su ma ba su san ni ba. Sai an cire sunan mai rubutun ake aika musu."

"Har sunanki?"

"Har sunana. Ba sunan kowa a jiki."

"To wannan ai shari'ar aljanu ce. Ba ka ga alƙali ba, alƙali bai gan ka ba."

Ta yi dariya har da buga cinya. Ni kuwa na ajiye maganar a raina: ba sunan kowa a jiki.

Damina ta shigo ta kusa fita kafin aljanun su amsa. Na ɗaya ya ce takardar ta yi tsawo, a rage. Na biyu ya ce ta cika lissafi babu mutum a ciki, a kawo labarin mara lafiya guda, daga farko har ƙarshe, da yadda iyalinsa suka ɓoye shi. Auta ta zagaya gidajen da ta yi hira da su, kowa ya ce a'a. Abokan karatunta an ƙara musu girma, ita tana nan. Ta rame. Sai ga ta wata Asabar da safe, ta zauna kusa da kaskon waina, tana juya mini ƙullu, abin da rabonta da yi tun tana sakandare.

"Inna."

"Kada ki fara."

"Ban ce komai ba fa."

"Ni na haife ki. Labarin ubanki kike so."

Ta ce sai da yardata, in na ƙi shi ke nan. Ta ce za a cire suna, a cire unguwa, a cire shekara. Ta ce likitoci ne kawai suke karanta irin wannan, da Turanci mai nauyi wanda ko mai digiri sai ya yi gumi. Na tuna abin da ta faɗa mini da bakinta, ba sunan kowa a jiki. Na dubi ƙasusuwan wuyanta. Na ce to.

Da na tashi bayarwa kuwa, na bayar da shi gaba ɗaya, yadda ban taɓa ba kowa ba. Na faɗi farin san da muryoyin. Na kuma faɗi mutumin: yadda yake feɗe fata ba ta huje ba, yadda yake ware tozo ya aika wa matan da mazansu suka mutu, ba ruwansa da Bahaushiya ce ko Inyamura, yadda yake yi mini waƙa in na yi fushi. Ta rubuta duka tana share hawaye.

Aka aika, aka dawo da ita. Na biyu ya yaba, na ɗaya ya ce har yanzu da tsawo, kuma halin kirkin mara lafiya ba aikin mujalla ba ne. Tozo ya fita. Waƙa ta fita. Fatar da ba ta hujewa ta fita.

"To ki mai da shi tela mana," na ce. "Ko direba."

"Inna, tela da shanu? Ai muryoyin daga sana'arsa suka fito. Kuma ba a sa abin da ba haka yake ba."

"Ni da na sa, ba shi ya riƙe gidan nan ba?"

Ta danna, takarda ta tafi.

Da aka buga, murna ta sa ta tura wa yayanta da ke dillancin shanu a Anaca. Shi ko layi ɗaya bai karanta ba. Abin da ya gani a saman takardar ya ishe shi: sunan ƙanwarsa, ga sunan ubansu a manne da nata, kamar yadda kowace 'ya take ɗauke da sunan ubanta. Ashe wancan cire sunan na lokacin dubawa ne kawai. In an gama shari'a, sai a mayar da shi, da manyan baƙaƙe. Ba ta yi mini ƙarya ba. Ni ban san in tambaya ba, ita kuma ba ta ga abin faɗa ba, domin a wurinsu kowa ya san haka.

Yayan nata ya jefa takardar a dandalin Wasaf na mahauta da dillalai, na Inugu da Anaca da Fatakwal duka, ya yi magana da murya: ga sunan Baba ya shiga mujallar likitocin duniya. Waya ta riƙa ƙara ana yi mini barka. A kwata aka sayi lemo. Kuma da yake mutanenmu ba sa barin abin alfahari a rufe, kowane tsoho ya kira ɗansa ko jikansa haihuwar nan, masu Turanci a baki, ya ce karanta mini abin da 'yar Alhaji ta rubuta. Suka yi ta tsallake lissafi har suka iso inda akwai labari. Wani mahauci ɗan arewa, a wani birni na kudu, a jajibirin salla, ya ɗora wuƙa a wuyan sa ya fasa.

Wayar ta yi shiru.

Aminin maigidana ne ya zo, wanda ya riƙe igiya ranar. Ya tsufa, da sanda yake tafiya. Ya sauka daga okada, ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarma. Muka gaisa har ƙarshe, gida, iyali, kasuwa, jiki, sanyin damina, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya zaro wani abu daga aljihun babbar riga, naɗe a tsumma, ya ajiye a gabana. Wuƙar ce. Tun ranar take wurinsa. Duk shekara da ita yake fara yanka ragon layya, don neman albarkar mai ita, har maƙwabta suna aro.

"Hajiya," ya ce, "ashe jinya kika yi ke kaɗai. Da kin faɗa mana, ai da mun taya ki."

Da zagi ya yi mini da na san abin da zan mayar. Tausayi ne a fuskarsa, irin wanda ake yi wa matar mahaukaci. Abin da na yi shekaru ina tarewa a ƙofar gida ke nan, ga shi ya shigo ya zauna a tabarmata.

Auta ta zo da yamma idonta jawur. Ta ba ni haƙuri. Ta kuma ce, "Amma Inna, ciwo ne kamar hawan jini. Baba bai yi abin kunya ba. Tun da abin nan ya fito, akwai gidajen da suka kawo mini nasu asibiti."

"Allah ya ba su lafiya," na ce. "Ubanki fa, wa zai kawo mini shi yadda na binne shi?"

An ƙara mata girman. Ta sa takardar a gilashi ta rataye a ofis. Ban hana ba, ban kuma je na gani ba.

Kwanakin baya an yi suna a Ogui, aka matsa mini na je. Na zauna, mata suka kewaye ni kamar da, na ɗauko labarin wata amarya da aka manta da ita a tashar Anaca. Ina tsakiya, wata 'yar yarinya mai goyo ta karkata kai ta ce, "Mama, dis wan na tru? Gaskiya ne, ko shi ma irin na Alhaji ne?" Uwarta ta make ta. Sauran suka sunkuyar da kai, ba wadda ta yi dariya, ba kuma wadda ta ce in ci gaba.

Na nemi takalmana.

Wuƙar tana nan ƙarƙashin zannuwana, inda gwangwanin madara yake a da. Layya ta zo ta wuce, ba wanda ya aiko aronta.