Kwana Goma Sha Ɗaya a Zauren Wani Manomi

A shekarun da nake malamin kantin wani Bature a Magariya, mukan ba manoma akoko da gishiri bashi tun bazara, su biya da gyaɗa idan kaka ta yi. A makarantar mishan aka koya mini cewa ranar da aka ajiye ita ce ranar biya. Ban taɓa kai kowa gaban kumandan, Baturen mulki, ba, ban kuma taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Wanda ya saɓa, sauka nake yi a gidansa.

Wani manomi a ƙasar Yekuwa ya karɓi akoko turmi uku, ranarsa ta wuce da mako biyu. Na ɗaura sirdi, na isa gidansa da hantsi. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya sa aka dama fura, ya zuba wa dokina dawa. Na tambayi lafiyar iyali, ban ambaci bashi ba, shi ma bai ambata ba. Mutumin karkara ba ya tambayar baƙo ranar tafiyarsa, kuma a kan wannan na dogara.

Gyaɗarsa ba ta yi ba a shekarar. Abin da ya rage masa sai iri, cikin wani ƙaramin rumbu da ya liƙe bakinsa da laka. Na gyara tabarmata ta fuskanci rumbun.

Ranar farko an yanka mini kaza. Daga nan sai tuwo da miyar kuka, doki kuwa yana ta cin dawar gidan. A rana ta shida na lura tuwon ya ragu, sai na mayar da akushin a rufe, na ce ba na jin yunwa. Washegari ya zo cike fal. Na san rabon ƴaƴansa ne, domin ina jin kukansu ta bayan zana. Na cinye duka, tun da barin saura ɓarna ne. Wani tsoho da ya zo gaisuwa ya ce dokin baƙo ya yi ƙiba har yana sheƙi, mai gida kuwa sai ƙara ɗaure wando yake. Na amsa cewa mai masaukina mutum ne mai karamci.

A rana ta goma sha ɗaya ya zo ya durƙusa a bakin tabarma.

"Malam, na san abin da ya kawo ka. Don Allah ka bar mini irin nan."

Na ce, "Maigida, ban roƙe ka komai ba. Idan na gundure ka, ka ce in tashi, sai in tashi."

Ya miƙe. Ya ɗauko fartanya ya fasa lakar da hannunsa. Na tsince ƙwanso da tsakuwa kafin in auna. Tiya biyu ta kasa, ya cika da wake. Na rubuta masa takardar shaida da hannu mai kyau, ko da yake bai iya karatu ba. Ya riƙe mini likkafa, ya raka ni har bakin rijiya.

Da ruwan farko ya sauka, sai ga shi a ƙofar kanti yana neman irin gyaɗa bashi. Na sa aka ba shi ruwa ya sha, sa'an nan na bayyana masa cewa kanti ba ya ba da bashi ga wanda ya taɓa saɓa rana. Ya yi mini godiyar ruwan, ya kama hanyar Yekuwa a ƙasa.