Waken da Kawu Ya Sallama

Mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa, don an kwana biyu. Ban tabbata ba ko shekarar da na gama karatun lauya ce ko ta bayanta, amma dai da kaka ne.

Kawuna manomi ne a Bugaje. Ya yi cinikin wakensa duka da wani Alhaji ɗan Maraɗi a gaban dillali. Kawu ya ce ya sallama, suka yi musabaha, aka shafa fatiha. Ba a rubuta komai ba. Kafin ranar ɗauka sai wake ya yi tsada, wani ya zo ya taya sama da na Alhaji.

Kawu ya nemi shawarata, yana magana yana kallon ƙasa. Ni kuwa na zazzage masa abin da na haddace: kotu ba ta cika tilasta wa mutum ya miƙa kaya irin wake ba, tunda akwai shi a kasuwa, iyaka ta ce a biya diyya. Na ce "a ganina" ya fi sau uku, amma na san abin da ya ji. Ya sayar wa na biyun.

Ranar kasuwar Jibiya Alhaji ya tsallako da mota wayam. Muka same shi a rumfar dillali, na fara zancen diyya.

"Wanga ne lauyan?" ya tambayi kawu, bai ko dube ni ba. "Riƙe diyyarka, Malam. Na hwaɗa ma mutane a Maraɗi wake na tahe, suna can suna jira. Tashi ka hwaɗi kai ka ta da magana, ba ni ba, direba shi ji shi kai labari. Shi ke nan."

Babu wannan a littattafanmu. Kawu, mutumin da ake kira shaida in an yi rikicin iyakar gona, ya miƙe ya ce, "Jama'a, ni na sallama, ni na tayar. Alhaji ba shi da laihi."

Dillali ya ce, "Kai kaɗai ka yanke haka?"

"Ni kaɗai."

Ina tsaye a bayansa, ina ji. Daga kakar nan dillalai suka fara cewa sai ya kawo mai tsaya masa kafin a ƙulla ciniki da shi. Bai taɓa yi mini gori ba.

Waɗanda ke rumfar ran nan, in na kauce a wani wuri, don Allah ku aiko mini da gyara. Ku kuma sanar da ni ko har yanzu ana neman mai tsaya masa, don ni na kasa tambayarsa.