Dutsen Iyaka da Motar da Ta Ƙi Hawansa

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina tuƙa babbar mota, ina ɗaukar gyaɗa da hatsi daga kasuwannin arewacin Kano zuwa kudu, ban taɓa kayar da mota ba ko da sau ɗaya. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san cewa mai ba shi labarin nan ba baƙo ba ne ga taya da giya. Duk da haka, wata 'yar mota wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba ta hana ni sukuni bazara guda, ta kuma sa na taɓa abin da bai kamata in taɓa ba.

'Yata ta fari, wadda take koyar da aikin lantarki a wata makarantar sana'a a birni, ita ta kawo mini ita cikin kwali bayan na ajiye tuƙi. Ta ce ta gaji da iske ni a zaure ina kallon hanya. Ba irin motar yara ba ce da ake saye a haɗe. Gunduwa-gunduwa take zuwa, mutum ya harhaɗa da hannunsa, ana tuƙa ta daga nesa da rimot, kuma ba don gudu aka ƙera ta ba. Aikinta hawan duwatsu a hankali, taya bayan taya.

Kwana huɗu na yi ina haɗa ta a kan tabarma, na zuba ƙananan notuna a faifai don kada su ɓace cikin rairayi. Wanda zai fara wannan aiki, ina ba shi shawara ya yi haka, kada kuma ya ɗaure noti ko ɗaya tamau sai ya ga kowane ƙarfe ya zauna a mazauninsa. Wannan kam na yi shi daidai. Da na gama, na danna rimot, ta taka daga bakin zaure zuwa gindin rumbu, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

Abu biyu suka rage mini daɗi. Na farko bodinta, wata roba ce marar nauyi mai kama da murfin kwano, wadda ban ga ta dace da mutum irina ba. Na cire ta, na samo guntayen katako wurin kafinta, na ƙera mata bodi irin na tsohuwar motata, da shingen lodi a sama, na shafa mata koren fenti. Na biyu kuwa, ƙasarmu ba ta da dutse. Daga garinmu har Makoda, duk inda ido ya kai, jigawa ce da kunya, gona na manne da gona. Motar hawan dutse a ƙasar da ba dutse.

Na bi gidajen dangi na tattaro tsofaffin duwatsun niƙa da aka yar tun zuwan injin niƙa, na jera su a tsakar gida. Uwargidana ta dube su ta ce, "Alhaji, in dai ba na murhuna za ka taɓa ba, ka yi ta jera su har ƙofar gari." Motar ta haye su a rana ɗaya, domin duk a kwance suke, shekaru sun lashe musu kaifi. Sai raina ya tafi ga dutse ɗaya tak da na sani mai tsayi a duk yankinmu.

Gonata da ta ƙanena a haɗe suke, gado ne daga mahaifinmu. Shi ya raba mana da kansa tun yana raye. A yamma akwai ɗorawa, a gabas kuwa ya sa aka kawo dutse a amalanke daga nesa, aka kafa. Layin da ya miƙe daga ɗorawar zuwa dutsen shi ne iyaka. Gambar da aka dasa a tsakani ta daɗe da mutuwa, ba mu damu da sake ta ba, tun da dutsen na nan. Tsayinsa ya kusa gwiwa, gefe ɗaya a gangare kamar bayan rago. Duk shekarun da nake kan hanya ƙanena ne yake noma gonakin biyu, amma bai taɓa sa garma a wajen iyakar nan ba sai ya aiko mini ko ya jira na dawo. Yakan ce, "Yaya ne ya riƙe igiya ranar da aka kafa shi." Gaskiya ne, ni na riƙe.

Ban ɗauko dutsen cikin rashin sani ba, kuma ba zan fake da tsufa ba. Na ce a raina rani ne, ba kowa a gona, mako guda zan yi da shi in mayar, raminsa na nan a buɗe yana jiransa. Ban gaya wa ƙanena ba, domin ban ga yadda dattijo zai buɗe baki ya nemi aron dutsen iyaka saboda 'yar mota ba. Na kira mai amalanke da tsakar rana, shi da abokin aikinsa suka ciccibo shi, suka ajiye mini a bayan rumbu.

Motar ta ƙi hawa. Tana kaiwa rabin gangaren sai tayoyin gaba su ɗaga sama, ta kife ta baya, tayoyi huɗu suna juyawa a iska. Na gwada ta dama, na gwada ta hagu, haka nan. Na buga wa 'yata waya.

"Baba, ka mayar mata da bodinta na roba," in ji ta. "Katakon nan ya yi mata nauyi a sama. Sa'an nan ka matsar da batir gaba, kusa da ƙasa."

"Ba nauyi ba ne, ƙarfi ne ba ta da shi. Na hau tudun da ba ki taɓa gani ba da buhu ɗari biyu a bayana. A samo mini injin da ya fi wannan."

"Mai gudu zai ƙara lalata maka lamarin, Baba. Ba ƙarfi take nema ba."

"Ke dai ki aiko."

Ta aiko, domin tarbiyya ba ta bar ta ta ƙi ba. Kwana goma kafin ya iso a hannun wani direban bas. Na ɗaura shi, na danna, motar ta zabura kamar an tsikare ta, ta yi karo da dutsen, ta yi tsalle ta faɗo. A gwaji na biyar wani ɗan akwati da ke tsakanin batir da inji, wanda shi ke daidaita gudu, ya yi zafi ya fitar da hayaƙi mai warin roba. Sai jiran wani. Mako biyu. A nan zan faɗa wa mai farawa abin da na ƙi ji: kada inji ya zama abin da za ka fara sauyawa. Wanda ya zo da ita ya isa, kuma tafiyar hawainiya ita ce dukiyar wannan mota.

A cikin jiran nan zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas da la'asar yana komawa. Uwargidana ta ce, "Dutsen mutane fa, Alhaji. Yau kwana nawa?"

"Nawa ne rabinsa. Kuma na fi ki sanin lokacin ruwa."

"To. Ni dai na ga tururuwa na kwashe ƙwai."

Na yi niyyar mayar da shi, Allah ne shaida. Amma kullum na dube shi a bayan rumbu sai in ji ba zan iya mayar da shi ba alhali motar ba ta taka kansa ba. Da sabon akwatin ya zo, maimakon in bi maganar 'yata, sai na ce motar ta yi ƙasa-ƙasa da yawa. Na ɗaga ta, na sa mata manyan tayoyi. Ta daina kifewa ta baya, ta koma kifewa ta gefe. Ga shi kuma manyan tayoyin sun fi ƙarfin 'yar na'urar da ke juya sitiyari, haƙoranta na roba suka zube. Wannan na'ura ita ce ya kamata mutum ya fara sauyawa da mai haƙoran ƙarfe, ni kuwa sai da ta mutu a hannuna na sani. Wani jiran kuma.

Ruwan farko ya sauka tun kafin sabuwar na'urar ta iso, mai yawa, wuni guda. Washegari gwiwata ta kumbura, ban iya fita ba, kwana uku ina kwance. Na aika a kira mai amalanke, aka ce ya tafi da shanunsa huɗa a gonakin mutane, kowa na rububinsa. Ashe cikin gonakin har da namu. Ƙanena ya yi tafiyar ta'aziyya, ya bar sallahu a huɗe gonakin biyu tare kamar kullum, a tsaya a dutse a raba. Mai garman, wato mai amalanken nan, bai iske dutse ba, ya san kuma inda dutsen yake, amma ya ga ba shi zai faɗa ba. Ruwa ya riga ya cike ramin da yashi. Ya huɗe daga wannan gefe zuwa wancan, kunya bayan kunya, kamar gona ɗaya.

Ƙanena ya yi sallama da hantsi ran da ya dawo. Bai zauna a zaure ba, ya wuce kai tsaye bayan rumbu, ya tsaya a gaban dutsen, ga motar a kife kusa da shi. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, wannan ce ta ci iyakar?"

"Aro na yi. Yau zan mayar."

"Ina?"

"Inda yake."

"To, mu je ka nuna mini inda yake."

Muka tafi, amalanke na biye da mu. Na tsaya a gabashin gona na dubi ɗorawa, na dubi ƙasa. Kunya duk iri ɗaya, jiƙaƙƙu, ba alama. Na taka na ce nan ne. Na ƙara duban ɗorawar, na matsa kunya biyu na ce a'a, nan ne. Ƙanena ya tsaya yana kallona kawai, wannan kuwa ya fi mini zafi da a ce ya yi faɗa. Ni da na riƙe igiya, na tsaya ina laluben ƙasa da sanda a gaban mai amalanke.

"Sai mu kira mai unguwa da dattawa," in ji ƙanena, "su tambayi abin da ya raba dutsen da wurinsa."

"Ba za a kira kowa ba."

"To yaya za a yi? Iri na jira, ƙasa na shan iska."

Na san abin da ya rage, kuma ya fi mini kowane tudu wuya. Na ce, "Kai ka noma ta shekara arba'in. Sa shi inda ka sani. Ba zan yi magana ba."

Ya taka a hankali, ya tsaya a wani wuri da ba na farko da na nuna ba ne, ba kuma na biyu ba. Ya karɓi fartanya ya haƙa rami mai zurfi da hannunsa, suka gangara dutsen ciki, ya binne shi har wuya, sai ɗan kansa kaɗai ya bari a waje, bai fi tafin hannu biyu ba. Ya tattaka ƙasar da ƙafa.

"Yanzu kam ko motarka za ta iya hawansa, Yaya," in ji shi.

Har yau ban sani ba ko kunya ta ƙaru gare ni ko ta ragu. Ba zan kuma taɓa sani ba, domin na ce ba zan yi magana ba.

Bayan mako guda na'urar sitiyarin ta iso, 'yata ta kawo da kanta. Ta zauna a tabarma ta cire bodin katakon ba tare da ta nemi izini ba, ta mayar da na roba. Ta maido da tsohon injin da ƙananan tayoyin, ta sauke motar ƙasa, ta matsar da batir gaba. Sa'an nan ta buɗe tayoyin gaba ta naɗa musu wayar dalma a ciki don su yi nauyi, ta rage soson da ke cikinsu domin su lanƙwasa su kama dutse. Kafin la'asar ta gama. Muka ɗora duwatsun niƙa uku bisa juna, suka kusa tsayin dutsen iyakar, motar ta hau a hankali, ba gaggawa, ta tsaya a sama.

"Ka gani, Baba? Kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da kan mota."

Shekara arba'in ina faɗa wa masu lodi wannan magana a bakin kasuwa, ina sa su sauke buhuna su sake jerawa in sun tula mini nauyi a sama. Ban ga abin a tsakar gidana ba saboda fentin ya yi mini kyau.

Bodin katakon na nan a kan taga, ban yar ba. Ina gaisawa da ƙanena kullum a masallaci, yana aiko mini da rabona na hatsi cif. Amma da damina ta zagayo, na zauna a zaure ina jiran ya aiko a tambaye ni kafin a sa garma a wajen iyaka, kamar yadda aka saba tun rasuwar mahaifinmu. Na ji wucewar shanu da sassafe. Da azahar aka gaya mini an gama huɗa.