Sakin da Sallau Ya Yi a Rurum

Duk manomin da ya taɓa sayen taki ko maganin feshi a kasuwar Rano a farkon shekarun mulkin farar hula ya san rumfar Sallau, ko da bai san sunansa Sallau ba. Jeki ake ce masa. Dalili kuwa, a finafinan Hausa na kaset aikinsa ɗaya ne tak: ya shigo gida fuska a murtuke, ya ɗanɗana miya, ya ture kwano, ya nuna ƙofa ya ce, "Je ki gidanku, na sake ki." Ya saki mace don ta cika gishiri, ya saki wata don ta yi atishawa yana magana. Mata na tsine masa a gaban talabijin, maza na dariya har da riƙe ciki.

A Rano aka haife shi, ɗan manomi, dogo, mai jajayen idanu da murya irin wadda ke tada barcin unguwa. Tun yana saurayi yake cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gari, waɗanda malaman gona ke ɗauka ranar kasuwa su nuna wa mutane illar zuba taki ba kan gado. Daga nan ya san taki, daga nan kuma ya san wasa, su biyun suka riƙe shi har tsufa. Wani matashin darakta daga Kano mai suna Lukman shi ya tsinto shi. Ya tsaya shan ruwa kusa da rumfar, ya ji Sallau na daka wa mai baro tsawa, ya ce ya samu mutumin da yake nema.

Bai taɓa fitowa a jarumi ba, bai taɓa rawa a cikin furanni ba. Sau ɗaya ya roƙi a ba shi liman, ko uban kirki wanda ke yi wa 'yarsa nasiha. Lukman ya dube shi ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Baba Jeki, da wannan idon naka? Wa zai bi ka salla?" Sallau ma ya taya shi dariyar, amma maganar ta zauna masa a rai.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba, a gidansa Jeki ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Matarsa ɗaya, Zubaida, 'yar Malam Ishiyaku mai makarantar allo a Tarai ta ƙasar Kibiya. 'Ya'yansu uku, babbarsu Jannatu. Tun da aka kawo Zubaida bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma in ta yi shiru da yawa shi ke bin ta yana tambayar laifinsa. Malam Ishiyaku bai taɓa son harkar fim ba, balle da Shari'a ta zo aka shiga wa'azi a kan 'yan fim kusan kowace Juma'a. Amma bai hana shi ba. Abu ɗaya ya ce masa: "Ka nemi halalinka yadda ka ga dama, Sallau, sai dai kada ka shigar min da 'ya cikin sha'anin nan." Sallau ya ɗauki alkawari.

Ya so ya bari, ba sau ɗaya ba. Fim ɗin ba wani abin kirki yake kawowa ba, rumfar ce ke ciyar da gida. To amma rumfar fim ke ciyar da ita. Manomi zai taso tun daga Kahu, ya wuce rumfunan taki uku, ya zo wajen Jeki don kawai ya ce masa, "Don Allah sakar min wannan abokin nawa." Sallau ya zare ido ya nuna hanya, a bushe da dariya, a ɗauki buhu. Daminar da ya daina fitowa a fim, ciniki ya ja baya har ya ji a jikinsa. Dole ya koma, yana sakin matan mutane yana tsanar kansa.

Ranar da abin ya faru, a Rurum Tsohon Gari ake ɗaukar fim, a wani gidan ƙasa da ke gindin duwatsu. Da yake wajen kusa da gida ne, Zubaida ce ta dafa wa ma'aikata shinkafa da wake, ta biyo motar kaya ta kawo da kanta. Jarumar da za a saka a ranar motarta ta lalace a hanyar Bunkure. Rana na yin ƙasa, mai kyamara na ƙorafi, gobe kuma za a mayar da kayan aiki Kano.

Lukman ya dubi Zubaida tana tattara kwanuka ya ce, "Baba Jeki, ai Hajiya tsayinsu ɗaya da jarumar. Ta baya za mu ɗauka, fuska ba za ta fito ba. Ta sa hijabin ta tsaya, ka faɗi maganarka, ta juya ta fita. Shi ke nan."

Sallau ya tuna da alkawarin surukinsa, ya ce a'a. Lukman ya yi ta magiya, sauran ma'aikata suka sa baki. Zubaida kuwa abin dariya ya ba ta. Ta ce, "Baban Jannatu, bari dai yau in ji abin da matan nan ke ji." A nan ne ya kamata ya zama Jeki na gaske ya tsawatar, amma Sallau bai iya ce wa mutane a'a sau biyu ba. Alkawarin kawai yake tunawa. Abin da ya fi alkawarin girma ko kusa bai zo masa a rai ba, haka ma duk taron masu wayon da ke wurin.

Aka kunna kyamara. Ya ture kwano, ya miƙe, ya nuna matarsa ta sunna da yatsa ya ce, "Je ki gidanku, na sake ki, saki uku!" Ta juya ta fita tana danne dariya. Aka tafa masa, aka ce bai taɓa yin wanda ya kai wannan kyau ba. A hanyar gida har tana tsokanarsa wai ta ina ake bi a je Tarai.

Bayan wasu watanni kaset ya fito, ya isa Tarai. Mata suka taru a wani gida da hantsi ana kallo, sai gwaggon Zubaida ta dafa ƙirji ta ce, "Wannan tafiyar Zubaida ce." Ita ta goye ta, ba ta bukatar ganin fuska. Kafin azahar magana ta kai kunnen Malam Ishiyaku, ya aika a kira su.

A zaure ya zaunar da Sallau, Zubaida na bayan ƙofa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Ita ce a gabanka?"

"Ita ce, Baba. Amma wasa ne, rubutawa aka yi aka ba ni."

"Ka san ita ce lokacin da ka faɗa?"

"Na sani."

Malam ya ce, "Iyakar abin da na karanta, saki ba a yi masa wasa. Waɗancan matan ba naka ba ne, ka sake su sau dubu iska ce. Wannan taka ce, ka fuskance ta ka yanke igiya uku. Ba zan ce na fi kowa sani ba. Je ka tambaya. Amma kafin nan ta zauna a nan."

Sallau ya rufe rumfa ya shiga yawon malamai. Wani a Rano ya ce saki bai auku ba, tunda maganar wani ya ɗauko ya maimaita, ba tasa ba. Wani a Kibiya ya ce ya auku sarai, ba kome sai ta auri wani. Wani a birni ya ce ya auku amma ɗaya ne, ya mayar da abarsa. Duk wanda ya faɗi mai daɗi, Sallau ya hau babur ya kai Tarai da zafinta. Malam Ishiyaku ya saurara ya ce Zubaida ta ji da kunnenta, ita za ta zaɓa.

Ita kuwa dariya ta ƙare mata. Ta ce, "Baban Jannatu, in na koma, kuma mai cewa ya auku shi ne da gaskiya fa? Zaman me muke yi ke nan? In na haihu, me zan ce wa ɗan?" Ba ƙinsa take yi ba, ya san haka, ya ga yadda ta rame. Tsoron Allah ne ya shiga tsakaninsu, kuma wannan ba abin da ake lallashi ba ne.

Aka ce masa ya je kotu alƙali ya yanke. Sau biyu yana zuwa bakin kotun yana juyawa. In alƙali ya ce ya auku, shi ke nan har abada. Ya gwammace zaman rashin sani, ko ba komai a cikinsa akwai ɗan zato. Wannan son kai ne, ya kuma sani, don shi yana fita kasuwa, ita ce ke zaune a ɗakin uwarta ba matar aure ba ba bazawara ba.

Damina biyu aka yi a haka. Yakan kai hatsi da cefane Tarai, ya zauna a zaure kamar baƙo, a turo masa ruwa. Yaran suna wajen uwarsu, shi kuma gidan Rano ya yi masa faɗi. Fim ɗin ya yi kasuwa fiye da duk wanda ya taɓa yi, don labari ya bazu, kowa na son ganin mutumin da ya saki matarsa a gaban kyamara. Rumfa ta cika da 'yan kallo. Lukman ya zo ya ba da haƙuri, ya ƙare haƙurin da cewa akwai sabon aiki. Sallau ya karɓa, tunda yanzu gida biyu yake ciyarwa, kuma ba wanda zai ba shi liman.

Zubaida ce ta kawo ƙarshen zancen. Wata ranar kasuwa bayan la'asar ya kai kaya, ta yi magana daga bayan ƙofa. Ta ce, "Na gaji, Baban Jannatu. Komawa ba zan iya ba, zuciyata ba za ta kwanta ba. Wucewa gaba ma ba dama, tunda wasu sun ce har yanzu matarka ce. Ka taimake ni ka faɗa da gaske, in san matsayina."

Ya juya wajen Malam Ishiyaku yana neman ceto. Malam ya ce, "Gaskiya ta faɗa. In wancan ya auku, wannan ba zai ƙara komai ba. In bai auku ba, wannan zai auku. Ko ta yaya, in ta gama idda ba mai sauran magana a kanta. Saki ɗaya ya isa." Ya leƙa waje ya kira maƙwabta biyu su yi shaida.

Sallau ya zauna a durƙushe, hularsa a hannu. Ya buɗe baki, wani abu ya fito can ƙasa-ƙasa wanda shi kansa bai ji sosai ba. Shaidun suka dubi juna.

Malam Ishiyaku ya ce, "Ba su ji ba, Sallau. Ka ɗan ɗaga murya." Shi ma tsohon idonsa ya kawo ruwa.

Ya faɗa, suka ji. Karatun yara na tashi daga can tsakar makaranta. Ya jira ta yi kuka, ko ta zage shi yadda matan gari ke zaginsa, da ya samu abin riƙewa.

Daga bayan ƙofa Zubaida ta ce, "Na gode, Baban Jannatu. Allah ya saka da alheri."

Godiyar nan ce ta karya shi. Ya kifa fuska a cikin hula ya yi kuka a gaban surukinsa da maƙwabta, ba wanda ya ce masa ya yi shiru.